Salular Mato da Tulun Iri

Dado ba ta taɓa ƙin salula ba. Ita ma tana son jin muryar ɗansu Zakari daga Agadas, tana son a nuna mata jikokinta suna wangale baki a cikin gilashi. Abin da ta ƙi shi ne yadda salular ta mai da mijinta Mato, dattijo mai furfura, manomin da duk ƙauyensu na ƙasar Falanko ake zuwa tambaya in za a yi shuka.

Zakari ne ya kawo ta tsakiyar damina, hatsi ya fara ciki. Ya saka uban a wani zauren wasap na dangi da ƴan gari, waɗanda neman abinci ya watsa Damagaram, Arlit, Kano, har Libiya. A nan wani ya ce kewa na damunsu, a samu mai turo musu hoton gida. Da a nan maganar ta tsaya, da an huta. To amma a zauren akwai Yakubu, taubashin Mato, mai shagon yadi a Belbeji, kuma tun suna yara ɗayansu bai taɓa barin ɗaya ya sha ruwa cikin kwanciyar hankali ba. Yakubu ya aiko da murya ya ce shi zai ɗauka kullum har shekara ta zagayo, amma don Allah kada a wahalar da Mato, mutumin da bai san gaban salula da bayanta ba. Mato ya saurara, ya sake saurara, ya gyara hula, ya amsa cewa ya shiga. Aka ɗaura sharaɗi: hoto ɗaya kowace rana, na ranar, na abin da ba a taɓa ɗauka ba, a turo kafin magariba. Wanda ya fara fashi zai amsa sunan rago har ya bar duniya.

Dado ta tambaya me ake ba wanda ya ci. Mato ya ce ba a ba da komai. Ta dube shi ta ci gaba da tankaɗe.

Da farko abin bai wuce takura ba. Tana tsakiyar daka sai ya ce ta tsaya da taɓarya a sama, kada ta motsa, shi kuwa yana laluben wurin dannawa. Tuwo ya sha hucewa yana neman gefen da haske ya fi faɗo wa miya. Ya ɗauki rijiya, ya ɗauki gugan rijiya, ya ɗauki mai jan gugan. Kuma a ƙauyen rezo, wato sabis ɗin salula, ba ya saukowa ƙasa, sai an hau tudun yashin bayan gari. Kullum bayan la'asar a ga Mato a can ƙoli, riga na kaɗawa, ya ɗaga hannu sama kamar mai kiran shaho. Mata a bakin rijiya suka koma tambayar Dado ko mai gidan nata ya sauko lafiya.

Duk wannan ta shanye. Da kaka ne abin ya tashi daga wasa.

A shekarar Allah ya yi wa gefensu ruwa, gonar Mato ta yi kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Can sama kuwa, wajen Belbeji da Tenhya, ruwa ya ɗauke daidai hatsi na fid da kai, mutane da yawa kara kawai suka girba. A nan ƙasar Damargu, kun sani, ba a tambayar mutum dami nawa ya samu, in ma an tambaya amsar ɗaya ce, an gode Allah. Mahaifin Mato da sassafe yake zuba rumbu, kafin maƙwabta su fito su yi masa lissafi da ido. Ba rowa ba ce, sanin hali ne. Dangi ba a hana su, shi ya sa ba a nuna musu.

Mato ya jera dammunansa a fili, ya ja da baya har ya kusa faɗawa cikin kara don duk su shiga, ya ɗauka. Washegari ya ɗauki rumbu na farko a cike har wuya. Jibi na biyu. Rana ta gaba ya ba wani maƙwabci salular, shi ya tsaya tsakanin rumbunan uku, har da ƙaramin da ake ajiye iri, ya dafa ɗaya kamar mai dafa ango.

Sai da ya dawo daga tudu Dado ta gani. Ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, wa da wa ke ganin wannan abin?"

Ya ce ai duk na gida ne.

"Na gidan nake tsoro."

Ya yi dariya ya ce hoto ne kawai, ba a cin hoto. Ya kunna mata muryar Yakubu yana cewa dammunan aro ne, an tattaro na maƙwabta. Mato ya ji daɗin wannan har ya kwana yana murmushi.

Ba a rufa wata ba baƙi suka fara. Na farko ɗan kawun Mato ne daga wajen Tenhya, ya zo da raƙumi da buhuna a naɗe, wai gaisuwa ya kawo. Ya kwana, ya sha fura, ya yi ta yabon gari, da zai tafi ya ciro tasa salular ya nuna hoton rumbunan ya ce masha Allah. Mato ya jingina tsani ya hau. Bayansa aka yi wata gwaggo, aka yi surukin wani ƙane, aka yi wani mai rawani da Dado ta rantse ba ta taɓa ganinsa ba ko a biki ko a makoki, amma ya jero asalinsa tiryan-tiryan har ya haɗe da kakar Mato. Kowa da gaskiyarsa, yunwa ba ƙarya ba ce. Dado ba ta ce kada a ba su ba. Ita ce ma mai tashi ta dama, ta shimfiɗa tabarma, ta nemo wa raƙuma harawa.

Abin da ya fi ƙona mata rai, duk baƙon da ya zo sabon abu ne, wanda ba a taɓa ɗauka ba. Sai Mato ya tsai da shi kusa da buhunsa cike, ya ɗauka, ya hau tudu. A zaure a yi ta sa albarka, ana cewa Mato uban dangi. Wanda bai yi niyyar zuwa ba ya ga an ba wane, ya tashi ya ɗaura sirdi.

Ta yi masa magana da lalama, ta yi da faɗa. Ta sa aka kira mata Zakari ta ce ya zo ya ɗauke kayansa. Zakari ya ce Inna ki bar Baba ya ji daɗinsa, ai mutane na yabawa. Ta ce yabon za su dafa da bazara? Layin ya yanke.

Mace ba ta hawa rumbun miji, ba ta leƙawa. Shi yake shiga ya miƙo mata abin da za ta sussuka. Amma Dado ta yi shekarun da ba ta bukatar leƙawa. Da sanyi, in Mato ya hau, hannu kawai yake zurawa. Sanyi na wucewa ya koma shiga har ƙugu. Da zafi ya kama sosai sai ya ɓace gaba ɗaya, tarinsa na fitowa daga can ƙasa kamar na mai yasar rijiya, zangarniyar da yake miƙowa duk ta ƙasa ce, mai ƙura da kashin ɓera. Rumbu na farko ya tafi, na biyu ya bi. Ta rage ma'aunin tuwo, ta tsinka fura. Mato ya ce furar kwanan nan kamar an wanke ƙwarya. Ta ce ya ɗauke ta hoto, ba a taɓa ɗaukar irinta ba.

Wata rana ta dawo daga itace ta tarar da tsani a jikin ƙaramin rumbun, na iri. Wani ne ya zo daga Tanut da labari mai tsawo, Mato ya kasa cewa babu. Ya ce mata kaɗan ya ɗiba, Allah zai kawo. Ta san kaɗan ɗin Mato. In aka taɓa iri sau ɗaya an buɗe hanya, kuma ranar da ruwan farko ya sauka ba wanda zai ba ka nasa, a kasuwa kuwa sai wanda bai san ƙasarka ba, ka shuka ya yi ta tsawo ba kai.

Tana da gamana, ƴar gonar da mace kan noma da kanta, kuma tun kaka ta zaɓi manyan kawuna ta rataye a rufin madafa, hayaƙi na korar ƙwari. Ta sauko da su ranar da Mato ya tafi kasuwa. Ta sussuke, ta sheƙe, ta gauraya da toka, ta zuba a tsohon tulu, ta kwaɓa laka ta liƙe bakin. Ta mirgina shi ɗakinta ta tura lungu bayan gado. Ba zai cika gonar duka yadda ake so ba, amma in aka yi hannu da kyau zai kai. Da Mato ya dawo ba ta gaya masa ba. Ta dai ce daga yau ɗakinta ba wurin hoto ba ne, ko bakin ƙofar. Ya ce me ke cikin ɗakin da duniya ke marmarin gani. Ta ce shi ya sa.

Ƙaramin rumbun bai kai ƙarshen bazara ba.

A lokacin kuma Mato ya ƙarar da ƙauyen. Ba bishiyar da bai ɗauka ba, ba katangar da ta tsira. Ya ɗauki takalmin liman, ya ɗauki ƙadangare, ya ɗauki gwiwarsa. Yakubu yana can Belbeji, kullum da sabuwar mota a tasha, yana aiko da murya yana tambaya ko a aiko wa Mato da abin ɗauka a buhu. Wata rana la'asar ta wuce, Mato na zagaye tsakar gida ba shi da komai, Dado ta tafi rijiya. Sai ya ji tsiyau-tsiyau daga ɗakinta. Kazarta ce da ta ɓace kwanaki, ashe a lungun bayan gado ta yi kwanci, ta ƙyanƙyashe. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi rana, ya dubi hanyar rijiya. Ya shiga ya durƙusa ya ɗauka, ya ruga tudu.

Hoton ya yi kyau, wannan ba a musu. Maza a zaure suka yi ta yabon ƴan tsaki. Amma rabin hoton tulu ne, bakinsa liƙe da sabuwar laka, ga toka a wuyansa. Namiji ya gani ya ga tulu. Duk macen da ta taɓa riƙe ƙwaryar shuka ta san abin da ke ciki.

Dado ba ta sani ba sai ranar kasuwa, da motar Belbeji ta sauke Balki. Balki yayar Mato ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi. Mijinta ya rasu, tana zaune da ƴaƴan ɗanta a wani ƙauye bayan Belbeji. Duk shekarar nan da aka yi ta zarya ita ba ta zo ba, ba ta aiko ba. Ta shigo a rame, da ƴar jaka a naɗe a hammata.

Aka gaisa, aka sha ruwa. Mato ya zauna ƙasa kusa da tabarmarta yana ta sannu Yaya, sannu Yaya. Ta ce ba zama ta zo yi ba, motar za ta juya. Ta ce sun cinye irinsu tun sanyi, yara na kuka ba yadda za ta yi, ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Mato ya sunkuyar da kai. Ya ce wallahi Yaya da ta zo da wuri, rumbun iri ko tiya babu, shi kansa bai san abin da zai zuba a rami ba. Da gaskiyarsa ya faɗa.

Balki ba ta dube shi ba. Ta juya ta dubi Dado.

"Ba wurinka na zo ba. Wurin amaryarmu na zo." Haka take kiran Dado, ko da yake amarcin ya kai jikoki. "Jikata ta nuna mini kazarki. Allah ya raya."

Dado ta ce amin, ba ta gane ba tukuna.

"Lakar bakin tulun nan, ta rijiyarku ce ko ta tafki? Ta kama da kyau."

Nan ta gane. Ta juya a hankali ta dubi Mato. Shi kuwa yana duban wannan yana duban waccan, yana tambaya wane tulu. Dado ta ce ya kawo salular. Ya miƙa. Ta sa ya buɗe mata hoton, ta daɗe tana kallo, ga ƙafar gadonta, ga kaza, ga tulu zaune ƙato kamar shi aka je ɗauka.

"Malam, abu ɗaya na roƙe ka a shekarar nan."

Ya fara bayani, rana ta kusa faɗuwa, Yakubu na jira, kaza ce ta kira shi. Balki ta ce ya yi shiru, tun yana ƙarami in ya yi ɓarna haka yake, sai ya ɗora wa dabba.

Dado ta shiga ɗaki ta zauna bakin gado. Ranta ya ɓaci har tana jin ɗacinsa a harshe. Tana iya cewa gyaɗa ce a ciki, ba wanda zai fasa ya duba. Tana iya cewa nata ne, na gamanarta, ba na gidan su Balki ba, kuma duk ƙauyen za a ce ta yi daidai. Da mai rawanin nan ne, ko mutumin Tanut, da ko ƙofa ba za ta buɗe ba. Amma Balki ce, wadda ta zo ta zauna da ita ta yi mata wankan jego a haihuwar Zakari, wadda ta ga rumbuna uku a cike ta danne yunwarta ba ta zo ba, sai da abin ya kai ga iri. Ƴar jakar da ta kawo ma ko rabin buhu ba ta kai ba.

Ta mirgino tulun tsakar gida, kaza na bin ta da masifa. Ta ɗauki dutse ta fasa lakar. Mato ya matso ya ga hatsi fari da toka, ya buɗe baki. Ta ce kada ya ce komai, kuma in hannunsa ya kusanci aljihu za ta jefa salular a randa. Ta kawo ƙwarya biyu, ta riƙa zubawa, tiya nan, tiya can, har tulun ya yi ƙara. Balki ta ce ya yi yawa, ta rage. Dado ta ce abin da bai kai rabi ba ba zai yi mata amfani ba, ta ɗaure jakarta motar kada ta tafi. Balki ta ɗaure. A bakin ƙofa ta riƙe hannun Dado, sannan ta waiwaya ta ce wa ƙanen nata Allah ya shirye shi.

A makon ruwa ya sauka, mai ƙarfi, wanda in ka tona da hannu danshi ya wuce tafi. Gari ya waye kowa ya nufi gona. Mato na gaba da sungumi yana sara, Dado na baya da ƙwarya tana jefawa tana binnewa da ƙafa. Ta matse yatsu, inda ta saba zuba da yawa ta zuba kaɗan, ta ce ya buɗa taku ya nisanta ramuka. Bai yi gardama ba. Tun ranar Balki bai yi gardama da komai ba, ko furar ya daina kushewa. Suka yi ta tafiya suna dawowa, rana na hawa, maƙwabta na ɗaga musu hannu daga nasu gonakin.

Wajen azahar, a tsakiyar layi, ta sa hannu a ƙwarya ta ji toka kawai. Ta tsaya. Mato bai sani ba, ya ci gaba da sara har ya yi nisa, sai da ya ji shiru a bayansa ya juyo. Daga inda take har iyakar gonar ta arewa, ƙasa ce jiƙaƙƙiya, ja, mai kyau, ba ƙwaya ɗaya a cikinta. Kusan rabi.

Ya dawo yana jan sungumi. Ya ce watakila a samu wake a cike, ko yakuwa. Ta ce watakila. Can ta tambaye shi ko ya ɗauki na yau. Ya ce a'a, ya ma yi tunanin ya bari haka nan, Yakubu ya kira shi abin da ya ga dama.

"Ba za ka bari ba. Fito da ita."

Ya fito da ita yana kallonta. Ta taka zuwa ramin ƙarshe da ta binne, ta kife ƙwaryar a ƙasa, ta tsaya a gefenta, filin da ba a shuka ba na bayanta.

"Ja baya, yadda ka ja wa dammunan. Duk ya shiga."

Ya ce Dado, wannan ai tonon asiri ne, mai gida ba ya nuna gonarsa ba iri, me mutane za su ce. Ta ce sun ga cikar rumbu, su ga wannan ma, duk wanda ya ɗaura buhu a ƙofar gidan nan yana cikin zauren, ya gani ya san inda hatsinsa ya fito. Kuma kada ya rubuta komai a ƙasa, kada ya yi murya. Ya ce ko ta ɗan gyara mayafi. Ta ce haka za ta fito.

Ya ja baya, ya ƙara ja, ya ɗauka. Ta ce ya kawo ta gani. Ta duba tsakiya, ta duba kusurwa huɗu ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa masa.

Bai taɓa tafiya tudun nan a hankali irin na ranar ba. Ta ɗauki ƙwaryarta ta kakkaɓe, ta ɗora sungumin a kafaɗa, ta kama hanyar gidan maƙwabciya ko za a samu ragowar wake. Da ta zo wucewa ta gindin tudun, ya leƙo daga sama ya ce mata rezo ya ƙi, hadari ya ɓata shi, ko a bari sai gobe.

Ba ta ko tsaya ba. Ta ce ya zauna nan har ya zo.